Karatun kachala: in koma jami'a ko in karɓi aikin kwangila?

Rabi'atu:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ku yi haƙuri, yau zan tsawaita. Na gama bautar ƙasa a watan jiya, sai ga hanya biyu sun buɗe min lokaci guda. Sashen da na yi digirina na labarin ƙasa sun ce in dawo su ɗauke ni ƙaramar malama, ina koyarwa ina karatun digiri na biyu. Wata ƙungiya mai aikin raya karkara kuma tana neman masu tattara bayanai a ƙauyuka, kwangilar shekara biyu, albashinsu ya ninka na jami'ar.

Zuciyata na wajen karatun. Abin da nake so in bi diddiginsa shi ne zaman mutanenmu da ruwan nan: wa ke yanke ranar da za a sako ruwa daga sama, wa ke raba fadama idan ruwa ya janye, wajen wa ake kai ƙara in shanu sun shiga shinkafa, me ya sa ake bin hukuncin wani a yi watsi da na wani. Aikina na kammala digiri a kan kachala na yi shi, wato doguwar ciyawar nan da ke toshe hanyoyin ruwa, a nan yankinmu tsakanin Guri da Kirikasamma, kuma tun lokacin tambayoyin nan suka hana ni sakat. To amma ni ce babba a ɗakinmu, ƙannena huɗu na makaranta, kun kuma san abin da ruwa ya yi wa gonar Baba a 2022. Baba ya ce ba zai zaɓa min ba, in tambayi waɗanda suka san hanyar. Ga ni na tambaya.

Sani Mai Shinkafa:
Wa alaikis salam ƙanwata. Ni ba zan ɓoye miki ba, karɓi aikin kuɗin. Jami'a tana nan, ba gudu za ta yi ba. A 2020 wata tara malamai suna yajin aiki, a 2022 wata takwas, har da ke aka yi zaman gidan. Na san malaman jami'a da a lokacin sai da suka karɓi shinkafa bashi a rumfata. Ki yi shekara biyun nan ki sauke wa Baba nauyi. In karatun na ranki, kya koma daga baya.

Auwalu:
Yaya Rabi, babana Malam Isa ya ji ina karanta saƙonki, ya ce in rubuta abin da zai faɗa, kada in rage ko kalma. Ga shi:

'Yata, ni masunci ne, ban yi boko ba, amma masu irin karatun da kike so na san su fiye da kowa a zauren nan. Tun ina da ƙarfin jefa birgi ake zuwa mana da takarda da biro. Baƙi daga nesa sun zo, namu na gida sun zo, yanzu kuma da waya ake zuwa ana latsawa. Kifi nawa kake kamawa a rana, da can nawa kake kamawa, 'ya'yanka nawa, me kachala ta yi maka. Na amsa har na haddace. Mu shimfiɗa tabarma, mu kawo ruwa, mu bar aikinmu. Har yau ba wanda ya dawo ya ce, Isa, ga abin da muka gano. Kachalar kuwa tana nan. Inda jirgi biyu ke wucewa a jere, yanzu sai an sa lauje kafin ɗaya ya ratsa. In wannan ne aikin, ban so miki shi ba.

Hajiya Talatu:
Malam Isa ya faɗi gaskiya mai ɗaci. A dai jira Dakta ya leƙo, tunda shi ke cikin harkar.

Dakta Habibu:
Na gaishe ku duka. Kawu Isa, Allah ya ƙara girma. Maganarka ta dake ni, don ni ma ina cikin masu zuwa da takardar, kuma ba zan kare mu ba. Sai dai an gano wani abu daga amsoshin da kuka bayar. Laifinmu shi ne ba mu kawo muku ba. Bari in faɗe shi yanzu, Auwalu ya karanta maka.

Kafin a gama dam ɗin Tiga a 1974, kogin nan yana da lokacinsa. Da damina ya cika ya malala, da rani ya janye har wasu rassan su bushe ƙurmus. Bushewar nan ce ke hana ciyawar ruwa kafuwa. Da aka ƙara na Challawa a 1992, sai ya zama ana tare ruwan damina ana sakinsa da rani, saboda noman rani na Kadawa da Kura, da ruwan shan birnin Kano, da aikin noman rani na wajen Auyo. Babbar ambaliyar da ke wanke hanyoyin ruwa ta ragu, ruwa mara zurfi kuma ya zauna rani da damina. Abin da kachala ke so ke nan. Ta fito, ta tare laka, lakar ta cike hanya. Tsohon kogin Haɗeja da Burum Gana suka toshe, ruwa ya karkata ta Marma zuwa tafkin Nguru. Shi ya sa za ka ga wani gari na kukan ruwa ya cinye gonaki, maƙwabcinsa na kukan ruwa ya daina zuwa. Tsuntsun jan baki kuma ya samu wurin kwana a cikin kachalar, ya addabi mai shinkafa da mai gero.

Zuwa nan, injiniya da masanin tsirrai za su iya yi maka bayani. Inda suke tsayawa, nan fannin Rabi ke farawa. Dam ɗin biyu na hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ta tarayya, wadda aka kafa a 1976. Ƙasar kuma dokar filaye ta 1978 ta danƙa ta a hannun gwamna, ta bai wa ƙaramar hukuma ikon ba da izinin noma da kiwo a karkara. A aikace kuwa bulama da dagaci ne suka san iyakar gonar kowa, sarkin ruwa ke cewa a shiga su ko a dakata. Kogi ɗaya, ya taso daga Kano ya biyo ta Wudil da Ringim ya iso mana ya wuce Yobe, masu iko da shi birjik, kuma ba kullum suke zama a tabarma ɗaya ba. A 2006 gwamnonin jihohi shida sun amince a Damaturu da kafa asusun kula da waɗannan koguna. Me ya biyo baya, wa ya zuba nasa kason, muryar wa ke isa teburin? Irin wannan ne mai karatun Rabi ke bibiya.

Sani Mai Shinkafa:
Dakta, da girmanka, bayani ya fita. Amma in an gano sai me? Bara da gayya muka buɗe hanyar ruwa, mutum sama da ɗari cikin laka har ƙirji. Ban ga takarda ta cire ko saiwa ɗaya ba.

Baba Ɗanjuma:
Ɗana Sani, bari in ba ka amsa da abin da idona ya gani. Ina malamin gona a nan lokacin da gwamnatin soja ta hana shigo da alkama a 1987. Aka cika fadama da ƙananan injinan ban ruwa, kowa ya faɗa noman alkama, har manyan mutane daga birni suka zo suka share daji. Wuraren da Fulani ke sauka da rani tun kaka da kakanni, cikin 'yan shekaru suka koma gonaki. Mu malaman gona murna muke yi, buhu muke ƙirgawa.

A lokacin, in ka shiga ofis, ruwan da ya wuce Haɗeja ya malala fadamarmu ana ɗaukarsa ruwan da ya ɓata a banza. Da kunnena na ji ana faɗa. Masu binciken da suka zo a farkon shekarun 1990, waɗanda na yi wa wasunsu tafinta, su suka zauna suka lissafa abin da ambaliya ke samarwa a nan ƙasa: amfanin gona, kifi, itacen girki. Suka gwada da abin da ruwan ke samarwa in an tare shi an yi noman rani a sama. Sai ga shi in aka auna ruwa daidai wa daida, na fadama ya fi riba nesa ba kusa ba, alhali ko kiwo ba su sa a lissafin ba. Wannan hujja na cikin abin da mutanen ƙasa ke ɗagawa duk sanda aka tayar da maganar dam ɗin Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, wanda har yau ba a kammala ba. Ban ce takarda kaɗai ta tsayar da shi ba, akwai kuɗi, akwai siyasa. Amma ranar da za a zauna a raba ruwa, wanda ya zo da lissafi a hannu ba daidai yake da wanda ya zo da kuka ba. Kuma ka lura, masu wancan lissafi baƙi ne. Na daɗe ina fatan in ga ɗan garin nan ya yi mana namu.

Malam Buba:
Baba, Allah ya ja kwana. Ka ce ko kiwo ba su sa a lissafin ba. To nan maganata take.

Ni ɗan ruga ne, a makarantar 'ya'yan makiyaya nake koyarwa. Na sha ganin yadda ake wannan aiki. Mai bincike zai sauka a gidan bulama, bulama ya tara masa mutane. Su wa zai tara? Mazauna gari. Ruga na can bayan gari, wani lokacin ma mun tashi. Sai a koma a rubuta cewa ga ra'ayin al'umma. Dokar keɓe makiyaya ta Jihar Arewa tun 1965 take, amma ku zo in nuna muku burtalin da kakana ke bi zuwa mashaya. Yanzu saniya biyu ba sa jerawa a cikinsa ba tare da ɗaya ta taɓa gero ba. Da can manomi ke roƙon mu sauka a gonarsa bayan kaka saboda taki, har ya ba da dami. Yau kara kuɗi ne, harawa kuɗi ce, fadamar da muke jira da rani ta zama albasa da tattasai. Ban ce laifin manomi ba ne, shi ma iyali gare shi. Amma wa ya zauna ya rubuta yadda muka tashi daga can muka iso nan?

Jigawa na da hukumar sasanta manoma da makiyaya. Ina so wani ya bi ya duba: ɓarna nawa ke ƙarewa a gaban ardo da bulama, nawa ke kaiwa ofishin 'yan sanda, kuma a wanne ne mutanen biyu ke iya gaisawa washegari. Malama Rabi, in za ki yi wannan, ina bayanki. Sharaɗina ɗaya, ki koyi Fulatanci ko na gaisuwa ne, ki kuma kwana a ruga.

Sani Mai Shinkafa:
Malam Buba, ka san ni ma shanu sun taɓa yi min ɓarna, kwana uku ya rage in yanke.

Malam Buba:
Na sani Malam Sani, kuma ban ji daɗi ba. Shi ya sa nake so a rubuta naka da nawa a takarda ɗaya.

Shugaban zaure:
Jama'a a tsaya kan maganar Rabi. Ta ɓarna za mu ba ta ranarta.

Hajiya Talatu:
Ni abin da ba wanda ya taɓo zan faɗa. Shekarata 26 ina koyarwa a firamare a garuruwan nan. Duk masu binciken da Malam Isa ya lissafa, kusan dukansu maza ne, kuma a zaure suke tsayawa, don gidajenmu ba shiga. To wa ke turara shinkafar da Sani ke sayarwa? Wa ke ƙyafe kifin da Malam Isa ya kamo? Wa ke saƙa tabarmar kaba, wa ya fi kowa sanin cewa kabar ta yi nisa, itace ya yi tsada? Shekarar da ruwa ya ci gona, akuyar wa ake fara kaiwa kasuwa? Ta uwargida. An yi shekara da shekaru ana rubuta labarin fadamar nan daga bakin zaure. Rabi za ta shiga har ɗaki, a zauna da ita kan tabarma a faɗa mata abin da ba a faɗa wa namiji. Wannan kaɗai ya isa in ce ta je.

Amma 'yata, ki buɗe ido. Digiri na biyu da na uku sai su cinye shekara shida, bakwai, ko fiye. Cikinsu aure zai zo, haihuwa ta zo. Na ga mata masu ƙwaƙwalwa da suka tsaya a rabin hanya saboda ba a yi maganar tun farko ba. Duk wanda ya fito, ki faɗa masa a gaban iyaye cewa aikinki na da kwana a ƙauyuka. Wanda ya amince a gaban manya zai ji kunyar janyewa.

Rabi'atu:
Na gode Gwaggo, na riƙe. Dakta, don Allah ka faɗa min gaskiyar yadda hawan yake, kada ka sassauta.

Dakta Habibu:
To ƙanwata. Matakan su ne: ƙaramin malami mai digiri ɗaya, mataimakin lakcara bayan digiri na biyu, lakcara na biyu, lakcara na ɗaya, babban lakcara, mataimakin farfesa, sannan farfesa. Galibi shekara uku ne mafi ƙaranci tsakanin mataki da mataki, kuma shekarun kaɗai ba sa ɗaga mutum. Sai da maƙalu a mujallun ilimi, kuma babu babban lakcara sai da digiri na uku. Za ki koyar da aji mai ɗalibai ɗaruruwa, ki duba takardunsu, ki yi naki karatun da dare. Kuɗin zuwa ƙauye bincike sau da yawa daga aljihunki zai fita. Akwai shekarar da na sayar da babur ɗina don in kammala aikin fili. Sani bai yi ƙarya ba game da albashi.

Ga ɗaya ɓangaren. Gurbin koyarwa a jami'a ba kullum yake buɗewa ba, wani sashen sai ya yi shekaru bai ɗauki kowa ba. Asusun TETFund kuma ma'aikatan manyan makarantun gwamnati yake ɗaukar nauyin ƙarin karatunsu, in ba ki ciki ba ki cikin layi. Yanzu ma abin ya matso kusa da gida: Jami'ar Tarayya ta Dutse tun 2011, Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa tun 2013, ga cibiyar nazarin noma a busassun yankuna ta Jami'ar Bayero da aka buɗe a 2012, inda ake karatun kula da albarkatun ƙasa da sauyin yanayi. A zamaninmu waɗannan babu su.

Aikin ƙungiya kuwa ba na raina shi, za ki koyi shiga jama'a da tsara bayanai. Amma ki san tambayoyin da ke cikin wayar da za a ba ki wani ne ya rubuta su, amsoshin kuma nasa ne. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. In aikinsu na rijiya ne, kin ga burtali ya toshe ba hurumin ki rubuta.

Akwai wani Bature ɗan Ingila, Michael Mortimore, da ya fara koyarwa a Zariya a 1962, ya koma Jami'ar Bayero daga 1979 zuwa 1986. Bayan farin 1973 ya kama ƙauyen Dagaceri a nan arewa maso gabashin Jigawa, ya riƙa komawa shekara bayan shekara, fiye da shekara goma. A lokacin duniya na cewa manoman Sahel su ke jawo hamada da hannunsu. Shi kuwa, saboda ya daɗe yana kallon mutane ɗaya, ya nuna yadda suke sauya iri, suke tafiya cin rani, suke komawa saƙar kaba har su tsallake fari. A karkarar Kano kuma ya nuna cewa cunkoson jama'a bai kashe ƙasa ba, taki da barin itatuwa a gona sun riƙe ta. Wanda ya zo kwana uku da fom ba zai taɓa ganin wannan ba. Kwangilar shekara biyu ma ba ta isa. Jami'a, da duk wahalarta, ita ce wurin da na sani da zai bar mutum ya riƙe tambaya ɗaya shekara ashirin.

Nura:
Ina biye da ku daga Jamus, dare ya yi nan amma na kasa shiru. Yaya Rabi, ni digiri na uku nake yi da tallafin DAAD, hukumar Jamus mai ba da tallafin karatu, kuma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda aka san fadamarmu a nan. Tafkin Nguru da Marma sun shiga jerin Ramsar na muhimman dausayoyin duniya a 2000, Baturiya a 2008, kuma babban dalili shi ne tsuntsayen da ke gudun sanyin Turai su zo wurinmu. Ɗakin karatu cike yake da rubutu a kanmu. Sai dai da Turanci ne, a mujallun da sai jami'a ta biya kuɗi mai yawa kafin a buɗe. Kawu Isa ya ba da amsa kyauta, amma ko Auwalu ba zai iya buɗe takardar da amsar ke ciki ba. Sau da yawa kuma ɗan gida ne ya shiga rana ya yi tambayoyin, sunansa sai a layin godiya.

Shawarata, ki karɓi gurbin jami'ar, ki yi na biyu a gida, ki kafa ƙafarki a fili. Na uku in kina son waje akwai hanyoyi: DAAD, tallafin ƙasashen renon Ingila, da shirin WASCAL na nazarin sauyin yanayi a Afirka ta Yamma, wanda Jamus ke tallafawa, ana yin wani sashensa a Minna. Amma ki tafi da tambayarki a hannu, kada ki je a ba ki.

Malam Sani, gayyar da ka ambata ma ilimi ce a nan. Elinor Ostrom, 'yar Amurka, mace ta farko da ta ci kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, abin da ta nuna shi ne jama'a na iya kafa wa kansu dokokin ruwa da kiwo da kamun kifi su riƙe su ɗaruruwan shekaru, ba sai gwamnati ta karɓe ko an sayar wa mai kuɗi ba.

Sani Mai Shinkafa:
To ai sarkin ruwanmu ya san wannan tun ba a haife ta ba.

Nura:
Ƙwarai kuwa. Sai dai ikon sarkin ruwa a iyakar gari yake tsayawa, ruwan kuma daga Tiga ake sako shi. Yadda za a haɗa dokar gari da dokar dam, wannan har yau da sauran aiki.

Rabi'atu:
Ina kwananku. Daren jiya ban yi barcin kirki ba. Akwai abu biyu da ban faɗa ba.

Na farko tsoro ne. Lokacin aikina na digiri, na tambayi yadda aka raba wani fili da ya fito bayan an share kachala. Mutum uku daban-daban suka faɗa min cewa waɗanda suka shiga laka ba su samu ba, waɗanda ba su zo ba suka samu. Cikin masu rabon akwai wanda nake durƙusawa in gaisar. Ban rubuta ba. Na cike shafin da maganar tsawon ciyawa da zurfin ruwa. Baƙo zai rubuta ya hau mota ya tafi. Ni a nan zan yi sallar idi, a nan za a aurar da ƙannena. Dakta, yaya ake yi?

Na biyu kuma kunya ce. Kawu Isa, cikin masu zuwa da takardar da ka ce, har da ni. Shekara biyu da suka wuce na zauna a ƙofar gidanka, Inna ta kawo min fura, ka yi min bayanin kamun kifi da dumba da gura har la'asar. Na samu maki mai kyau da maganarka. Ban dawo ba. Ka yafe ni.

Dakta Habibu:
Wannan tambayar taki ta farko ita ce mafi nauyi a duk aikin, kuma na ji daɗi da kika gamu da ita da wuri. Akwai ƙa'idoji. Ba a rubuta sunan mutum, ba a rubuta sunan gari in zai tona shi, kuma sai wanda aka tambaya ya san me za a yi da maganarsa ya yarda. Abin da kike nema shi ne yadda rabon ke gudana, ba wane ya ci ba. In kin duba garuruwa takwas kin ga abu ɗaya na maimaituwa, to matsalar tsari ce, kuma haka za ki rubuta. Shawarata ma, babban aikinki ki yi shi a garuruwan da ba naku ba amma kogi ɗaya kuke sha. Kina jin harshen, kin san al'adar, ba ki da gona a wurin. Duk da haka ba zan ce miki ƙa'ida na kawar da ɓacin rai ba. Akwai dattijon da ya daina amsa gaisuwata shekara biyu saboda abin da na rubuta, ko da yake ban ambace shi ba. Ya gane kansa a ciki.

Baba Ɗanjuma:
'Yata, kafin ki buga komai, ki fara kai wa masu garin su ji daga bakinki. Babba ya fi jin zafin abin da ya tsinta a waje fiye da wanda aka faɗa masa a zaurensa.

Auwalu:
Baba ya ce: Rabi, ban san kina cikin lissafin ba da na yi maganar, ke 'yata ce, babu komai. Amma tunda kin tuna, ki zo ki karanta min abin da kika rubuta, da Hausa. In akwai inda kika yi kuskure in gyara miki. Ya ce kuma abin da Dakta ya faɗa na rassan kogi su bushe da rani gaskiya ne, da ƙafa suke tsallakawa suna yara, kuma bai taɓa haɗa shi da kachala ba sai jiya.

Sani Mai Shinkafa:
Ni har yanzu ina kan bakana, kuɗin nan da amfaninsa, kuma Baba ya tsufa. Amma na ga inda zauren ya karkata, na kuma ga inda ranki yake. In kin koma jami'ar, kuɗin makarantar ƙannenki Habu da Zainabu na shekarar farko a kaina. Bayan nan mu ga abin da Allah zai yi. Kada ki sa hannu a komai sai kin ga takardar ɗaukar aiki a rubuce, alƙawarin baki ba ya biyan albashi.

Dakta Habibu:
Wannan shawarar Sani ki riƙe ta da kyau. Ki tambaye su ko gurbin na dindindin ne, da watan da sunanki zai shiga albashi, don wani lokacin ana jinkiri. Ki kuma tambayi ƙungiyar zuwa yaushe za su jira amsarki.

Rabi'atu:
Yaya Sani, Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. Na kira Baba na karanta masa, ya yi shiru sannan ya yi maka addu'a. Ƙungiyar sun ba ni zuwa ƙarshen wata. Ranar Litinin zan je in ga shugaban sashe da tambayoyin da Dakta ya lissafa. Kafin nan ina so in sauke bashin da ke kaina. Na fara mayar da aikin nawa Hausa, shafi huɗu zai zama. Gwaggo, ko zan samu aji ɗaya ranar Asabar da hantsi in karanta wa mata? Na maza Baba ya ce zai raka ni zauren bulama bayan la'asar.

Hajiya Talatu:
Aji na nan. Zan aika yara su sanar gida gida. Ki zo da wuri, masu turara shinkafa ba sa zama in rana ta take.

Malam Buba:
Zan yi wa ardo magana yau. In ya amince, mutum biyu ko uku za su zo zauren bulama su ji. Ki bar min kwafi ɗaya in karanta a ruga.

Auwalu:
Baba ya ce Lahadi da asuba ki same shi a bakin ruwa kafin iska ta taso, zai kai ki inda tsohuwar hanyar jirgi take ki gani da idonki. Ki zo da takalmin roba, akwai matsattsaku.